Wa Ya Taɓa Sakamakon Hakim?

Ana dab da ɗaura auren Hakim da Samira aka gano cewa an canja sakamakon gwajin jinin ango.

Abin ya faru ne a asibitin Likita Rahina, wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa da ke bayan tashar mota a Dogon Dutsi. Mahaifin Samira, Alhaji Muhammad Awwal, ɗan kasuwar hatsi ne, kuma ya binne 'ya'ya maza biyu da ciwon sikila ya ɗauke. Shi ya sa ya ce ba zai ba da 'yarsa ga kowa ba sai an gwada jini. Samira AS ce, duk gidan an san haka. Takardar Hakim ta fito da AA, aka yi hamdala, aka sa rana.

Zalihatu, mai aikin labo, ɗakin gwajin jini, ita ta tayar da maganar. Ranar da aka kawo musu goron sa rana, ta shiga ofishin likita ta tura ƙofa, ta ce ita ta gwada jinin nan da hannunta, AS ta gani, kuma AS ta shigar. Aka sake ɗibar jinin Hakim, ya fito AS. Da aka duba ordinatar, wato kwamfutar asibitin, sai ta nuna cewa an gyara sakamakon washegarin gwajin, da sunan Zalihatu, kuma daga cikin rezon labo, wato layin da ya haɗa na'urorin ɗakin gwajin.

Kafin la'asar magana ta kai kasuwa. Wasu suka ce Hakim ne ya lallashi Zalihatu ta gyara, daga baya tsoro ya kama ta. Wasu suka ce ita ce ke son yaron, ta shirya abin don aure ya watse a bainar jama'a. Masu zama bakin tasha kuwa suka riƙa nuna wata baƙar waya da ta fito daga asibitin, ta haura katanga, ta shiga shagon Hakim na gyaran salula. Samira dai ba wanda ya kawo sunanta sai don tausayi. Sakatariya ce a reshen asibitin da ke Kore Mairuwa, kuma ranar da aka yi gyaran tana can, garin da ke da tafiya mai ɗan nisa a mota. Tun da abin ya fashe, mahaifinta ya dawo da ita gida.

Alhaji ya ce wajen jandarma zai kai magana. Likita Rahina ta roƙe shi ya dakata zuwa ƙarshen mako, ta dakatar da Zalihatu daga aiki, sannan ta buga waya Dosso.

Wanda ta kira shi ne Mani Adamu, mutumin Dumega da ya yi karatun rezo a Yamai. Ma'aikatu na neman shi idan bayani ya ɓace ko ya shiga inda bai kamata ba, har aka laƙaba masa mai bin sawu. Dogo ne, marar yawan magana, kuma duk inda za shi yana rataye da wata 'yar kujera mai naɗewa, saboda ya ce rabin aikinsa zama ne a lungun da ba a ajiye kujera.

*

Lungun wannan karon wani kabad ne a bayan ɗakin magani. A ciki akwai akwati mai fitilu ƙanana, wayoyi sun taru a gabansa. Mani ya buɗe kujerarsa, ya haɗa ordinatarsa da akwatin, ya daɗe yana karatu. Likita Rahina na tsaye a kansa.

"Wanga akwati shi ne switch," in ji shi. "Duk wayoyin gidan nan a nan suke haɗuwa, kowace da ƙofarta. Wanda ya yi muku aikin ya raba gidan kashi uku. Duk bayanin da ya shigo, akwatin na manna mishi lamba. Na wajen karɓar marasa lahiya lamba goma, na labo ashirin, na baƙi talatin. Mai talatin ba ya ganin mai ashirin, ko da wayoyinsu na manne da juna. Shi ake ce ma VLAN."

"Kuma gyaran da lamba ashirin aka yi shi."

"Haka na gani."

Ta sauke numfashi. "To ka ga abin da ya hana ni barci. Labo ɗaki guda ne, makullinsa biyu, nawa da na Zalihatu. Shekara shida yarinyar nan ke tare da ni, Malam Mani."

"Ordinatar nawa ke cikin labo?"

"Biyu."

Ya tashi ya je ya duba su, ya dawo ya zauna. Ya bayyana mata cewa kowace na'ura tana da wata shaida tata da aka ƙero ta da ita, ban da lambar da akwatin ke manna wa bayaninta. Shaidar na'urar da ta yi gyaran ba ta dace da ko ɗaya cikin biyun ba. Ya bi sauran ɗakunan asibitin, har ordinatar likita ta hannu ya duba. Babu.

"Akwai ta uku ke nan," ya ce. "Tana ɗauke da lambar labo, amma ba ta cikin labo. Yanzu a kashe take, shi ya sa akwatin ba ya ganin ta."

"Tana ina?"

"Shi za mu nema."

*

Zalihatu na zaune a unguwar da ke gindin dutsen, ita da mijinta, malamin makaranta. Mijin ya shimfiɗa wa Mani tabarma a zaure, ya kira ta, shi ma ya zauna daga gefe. Ta fito da goyo, idanunta sun kumbura.

"Malam Mani, ko rijiya na tahi sai mata su yi shiru," ta ce. "Ni na kai maganar nan da ƙafata. Da ni na gyara, mi zai kai ni in tona kaina?"

"Ban zo da zargi ba. Ranar da aka yi gyaran, kina labo?"

"Ina nan har azahar. Ba wanda ya shigo sai masu kawo jini."

"Kin taɓa shigowa da wata ordinatar daga waje?"

"Ba ni da ita ma."

"Kod ɗinki na shiga ordinatar fa? Wa ya san shi?"

Ta gyara goyonta. Ta dubi mijinta, ta dubi tabarma. "Ba kowa."

"Ko sau ɗaya ba ki taɓa faɗa ma wani ba? Ko a waya?"

"Ba kowa," ta sake cewa, a hankali fiye da na farko.

Mani bai matsa ba. Ya sha ruwan da aka kawo masa, ya yi godiya. Har ya sa takalmi sai ta biyo shi bakin ƙofa.

"In ka ga likita, ka tambayar mini ita lahiyar Samira. Na ji an ce ba ta cin abinci. Tare muka yi karatu a lakwal tun muna yara, amma yanzu ba ni da fuskar shiga gidansu."

Ya ce zai tambaya. A hanya ya riƙa tunanin yadda mace za ta kasance cikin wannan hali, amma abincin wata ne ya dame ta.

*

Shagon Hakim ƙarami ne, cike da gawarwakin salula. Saurayi ne mai gemu da wando iya ƙwauri, yana zaune ba aiki a gabansa. Ya gane baƙon tun kafin ya yi sallama.

"Kai ne mutumin Dosso. Ga wayar can, ita kowa ke nunawa. Likita ce ta ba ni ita da kanta, don in riƙa sauke abubuwan gyara. Ka duba ta yadda kake so."

Mani ya zare wayar daga ordinatar Hakim ya soka a tasa. Ya nemi hanyar labo, ba ta buɗe ba. Sannan ya yi abin da mai wayo zai yi: ya ƙirƙiri lamba ashirin da kansa, ya manna wa bayaninsa, ya tura. Ya sake gwadawa da lamba biyu, ɗaya a kan ɗaya. Ƙofar da wayar Hakim ke ciki an saita ta ne ta yar da duk abin da ya zo da lambarsa daga waje, ta manna talatin kawai a kan sauran. Duk abin da ya tura, a bakin akwatin ya mutu.

"Wagga waya ba ta kai labo," ya ce.

Hakim ya rufe fuska da hannu na ɗan lokaci. "Ka faɗa ma mutanen masallacinmu haka. Jiya bayan azahar dattawa suka tsayar da ni, wai in ji tsoron Allah in faɗi gaskiya. Yaya Mani, shekara huɗu na yi a Agadas ina tara abin da zan buɗe wanga shago, duk don Samira. Amma na san abin da Alhaji ya gani a gidansa. Ƙanenta na ƙarshe, ni na riƙe makararsa. Da na san jinina AS ne, da bakina zan je in gaya mishi."

"Kun yi magana da ita tun da abin ya faru?"

"Ba ta ɗaukar wayata. Ina jin ita ma ta yarda ni ne."

*

Saura wanda ya haɗa rezon tun farko, wani mai suna Saminu. Sun rabu da Likita Rahina ba daɗi, bayan ta kira wani ya taɓa aikinsa ba da saninsa ba, kuma an ce har yanzu babban kod na akwatin yana hannunsa. Mani ya same shi a Tibiri, a kan rufin wata makaranta yana ɗaura faranti na hasken rana. Sai da ya gama ɗaure ƙusar da ke hannunsa sannan ya sauko.

"Na ji labari," in ji Saminu. "Yanzu kuma ni ne ɓarawon?"

"Tambaya na zo yi."

"Makon da ake magana ina Gaya, mutum goma za su shaida. Ban san Hakim ba, ban san jininsa ba. Kod kuwa ina da shi, don ba wanda ya ce in mayar."

"Akwai wata na'ura mai lambar labo da ba ta cikin labo. Ka san ta?"

Saminu ya goge zufa da hularsa. "Na yi wanga aiki shekara uku da suka wuce, na yi ashirin bayansa. Tunda Hajiya Rahina ta ga kai ne gwani, je ka karanta akwatin. Duk abin da na yi yana ciki."

Ya koma kan tsaninsa. Mani ya tsaya yana kallon shi. Fushin na mutumin da aka raina wa aiki ne, bai ga tsoro a cikinsa ba.

*

Washegari da safe ya koma kabad, ya buɗe kujera, ya sa ordinatarsa ta yi ƙara idan shaidar nan ta bayyana a kowace ƙofa. Ya zauna. Masu jinya na wucewa suna leƙensa. Aka kawo masa shayi, ya huce a gefensa.

Rana ta ɗaga sosai sannan ƙarar ta tashi. Na'urar ta farka. Mani ya duba ƙofar da ta shigo, ya ga ta ashirin da huɗu ce, ta ƙarshe a jere. Ya bi wayarta da hannu, ta bi bango, ta fita ta taga, ta hau ƙarfen antan, eriyar da ke kan rufi.

Ya dawo ya sa akwatin ya kwafo masa duk abin da ke wucewa ta ƙofar. Bayanin na'urar na zuwa da lamba biyu. Ta waje baƙuwa ce, ba ta cikin ukun gidan. Ta ciki kuwa ashirin ce.

Ya buga wa Saminu waya. "Ƙofa ta ashirin da huɗu. Na ga lamba a kan lamba."

Saminu ya ce, "Au. Wanga ne." Muryarsa ta sauka. "Majon Kore Mairuwa, babban mai jinya na reshen, shi ya dame ni, wai sai an aiko mota da sakamako kullum. Sai na roƙi kamfanin da ke ba su intanet suka buɗe mini tunel, wata hanya ta cikin layinsu. Na jefa ordinatar reshen cikin lambar labo, don su riƙa bugawa daga can. Na ce zan dawo in ware musu tasu lambar, sai muka ɓata da Hajiya. Wallahi na mance."

Mani ya je ofishin likita ya zauna.

"Hajiya, kin san reshenku na iya shiga labo?"

"Na san suna buga sakamako. Na ɗauka aika musu ake yi."

"Ba aikawa ake ba. Kamfanin na ɗaukar bayanin reshen da lambarsa ta ashirin, su sa shi cikin tasu lambar, kamar a sa ƙaramin buhu cikin babba, su ɗauko shi ta iska har rufin nan. In ya iso, akwatinku ya cire ta waje, ya bar ta ciki. Daga nan duk wanda ya duba, gani zai yi kamar mutum na zaune cikin labo. Alhali yana Kore Mairuwa."

Likita Rahina ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur.

"Mutum nawa ke taɓa ordinatar can?" ya tambaya.

"Biyu. Majo, da sakatariya."



*

A Kore Mairuwa, reshen ɗaki uku ne a gefen titi. Majo, wani dattijo mai furfura, ya ce tun da aka tafi da Samira bai kunna ordinatar ba sai yau, da ya rasa yadda zai yi da wata mai ciki da ke jiran sakamako. Mani ya duba shaidar na'urar. Ita ce.

"Ranar da ake magana kana nan?"

"Ranar muna ƙauyukan wajen Dumega, allurar rigakafi. Tun safe muka fita, mu huɗu, sai yamma. Yarinyar na bari ita kaɗai." Ya tsaya, ya dubi Mani. "Kai, ɗana. Ba dai ita ba?"

Mani ya naɗe kujerarsa, ya yi masa sallama. Da ya dawo Dogon Dutsi, gidan Zalihatu ya fara biyawa.

"Na'urar tana Kore Mairuwa," ya ce mata a zaure.

Ta zauna a ƙasa, hawaye suka zubo. "Lokacin da na haihu ne. Ana neman wani sakamako da gaggawa, ina kwance, Samira kuma ta zo babban asibiti ranar, na faɗa mata kod a waya. Ban canja shi ba. Tun ranar farko zuciyata ta ba ni, amma na ce ai tana can, ta yaya za ta yi? Kuma in na faɗi sunanta ba hujja, Alhaji ya ji, mi zai same ta?"

"Kin gwammace ki ɗauka."

"Ban gwammace ba. Rasa yadda zan yi na yi."

Daga nan ya wuce asibiti, ya roƙi likita abu ɗaya. "Gobe kafin a taru jin abin da aka gano, ki kira Samira ke kaɗai. Ki gaya mata abin da na gano. Ta zaɓa, ko mahaifinta ya ji ta bakinta, ko ta nawa."

*

Da hantsi aka taru a ofishin likita. Alhaji Muhammad Awwal ya zauna a kujerar gaba, carbi a hannu. Hakim na tsaye jikin bango. Zalihatu da mijinta suna kan benci, Saminu ya zo daga Tibiri a kan babur, ya zauna kusa da ƙofa. Samira na kusurwa cikin dogon hijabi, ta rame, kanta a sunkuye.

Mani ya yi bayani a taƙaice. Ya ce wayar shagon Hakim ba ta iya kaiwa labo, ya gwada ta kowace hanya. Ya ce Saminu ya bar wata hanya a buɗe da ya kamata ya rufe, amma ba shi ya bi ta ba. Ya ce ba a yi gyaran cikin ɗakin labo ba, kuma ba da ordinatar Zalihatu ba.

"To daga ina?" in ji Alhaji.

"Daga Kore Mairuwa."

"Majon nan ke nan. Wa ya sa shi?"

"Majo na wajen rigakafi ranar, da shaidu uku."

Alhaji ya buɗe baki zai sake tambaya, sai ya tsaya. Carbin ya daina motsi a hannunsa.

"Baba, ni ce," in ji Samira.

Ta sauko daga kujera ta durƙusa. Maganar ta fito mata a hankali, tana yi tana tsayawa.

"Na kasa jira a kawo takarda. Na shiga da kod ɗin Zalihatu don in leƙa kawai. Da na ga AS, sai na ji kamar an kashe fitila. Na zauna ni kaɗai, ba kowa a reshen. Na ce ai ba kowane ɗa ke zuwa da ciwon ba, wataƙila Allah ya tsallakar da mu. Na ce ko ma kada in haihu. Harafi ɗaya ne, Baba. Na goge, na sa wani. Ban yi tunanin sunan Zalihatu zai fito ba. Da ya fito, kullum sai in ce yau zan faɗa, sai in ga fuskarka in kasa."

Daga waje ana jin kwandastan mota na kiran fasinjan Konni.

"Ke kika yi jinyar ƙanenki Sani," in ji Alhaji. Muryarsa ba ta ɗaga ba. "Ke kika riƙa matsa mishi ƙafa yana kuka, lokacin da uwarku ta kasa shiga ɗakin. Ɗiyata, kin gani da idonki."

"Na gani, Baba."

"Kuma kika ce wataƙila."

Hakim ya matso daga jikin bango, ya tsaya nesa kaɗan da ita.

"Da kin gaya mini," ya ce. "Ko mi za a yi, da mu biyu muka ɗauka. Kin bar ni ina tsammanin kin ɗauke ni maƙaryaci."

"Na ji tsoron za ka ce a fasa."

"Da na ce," in ji shi, idanunsa sun cika. "Da na ce, Samira."

Alhaji ya sa carbinsa a aljihu. Sannan ya miƙe, ya juya wajen benci, ya cire hularsa, abin da ba wanda ke wurin ya taɓa ganin ya yi.

"Zalihatu, na kira sunanki a kasuwa, na ce kin sayar da amana. Ke kuwa jikokina kika tsare. A kasuwar zan koma in warware, yau ɗin nan. Hakim, kai ma haka." Ya dubi likita. "Maganar jandarma na janye, in kin yarda. Abin da ya rage tsakaninki da ma'aikaciyarki ne."

"Ba za ta koma aiki ba," in ji Likita Rahina. "Wanga ba ni da zaɓi a kai. Amma ba zan kai ta ko'ina ba."

Alhaji ya miƙa wa 'yarsa hannu. "Tashi mu tahi gida. Uwarki na jira."

*

Alhaji ya cika alkawari. Bayan sallar azahar ya tsaya a rumfar 'yan hatsi, ya wanke Zalihatu da Hakim da bakinsa, bai ɓoye cewa daga gidansa abin ya fito ba. Auren kuwa an fasa. Iyayen Hakim suka zo, aka yi magana cikin mutunci, aka yi addu'a, kowa ya tashi da nauyin zuciya. Hakim ya rufe shago na ɗan lokaci, ya tafi wajen yayansa a Konni.

Bayan 'yan makonni Mani ya dawo don gyara rezon. Shi da Saminu suka yi aikin tare. Suka ware wa reshen lambarsa, ta yadda daga can za a iya karanta sakamako a buga, amma ba za a iya taɓa shi ba, kuma kowa ya canja kod. Da suka gama, ya leƙa labo don ya gwada ordinatar. Zalihatu na tsaye cikin farar riga tana jera kwalaben jini.

"Kin koma aiki lahiya?"

"Alhamdu lillahi. Matan unguwa ma sun dawo da gaisuwa, har da waɗanda ba mu saba gaisawa ba."

Ya gama gwajin, ya naɗe wayarsa. Sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Samira ta zo gidana."

"To?"

"Zuwan farko na ce a ce ba ni nan. Na biyu ma haka. Ina ji tana tsaye a zaure, ta daɗe, ta tahi. Na so in fita, ƙafata ta ƙi. Jiya ta sake zuwa, ba ta tsaya sallama ba, ta shigo har madafa."

"Mi kika ce mata?"

Zalihatu ta rufe firij, ta goge hannu.

"Ban ce komai ba. Tana kuka, yaro na kuka a bayana, tuwo kuma na kan wuta zai kama. Sai na miƙa mata muciya."